Matar Da Ta Yi Wa Mujiya Hayaƙi

Ke jikata, kafin ki sallami mai gadin nan don fuskarsa ba ta yi miki ba, saurara. An yi wata mata, mijinta ya rasu ya bar mata rumbu ɗaya na gero, an liƙe bakinsa don iri da abincin damina. A bayan gidan akwai tsamiya mai tsohuwar sheƙar shirwa. Sai wasu mujiyoyi biyu, manyan nan masu tukku kamar ƙaho, suka tare a ciki, don mujiya ba ta gina tata, kango take nema. Kullum in matar ta fito shara, sai ta tarar da wani dunƙule a gindin itacen, gashi a cure da 'yan ƙasusuwa. Ta ɗauko ɗaya a bakin tsintsiya ta nuna wa maƙwabciyarta, ita kuwa ta ja da baya ta ce, "Wallahi Yaya, ƙulli ne! Tsuntsun da ya ci mijinki ne, ke ya dawo wa." Amai ne fa kawai. Mujiya takan haɗiye ɓera ɗungurum, abin da ciki ya kasa narkarwa ta mayar da shi. Da ta sa tsinke ta fasa, da ta ga haƙoran ɓarayin geronta. Amma ina, tsoro ba ya tsayawa dubawa.

Sai ta tara ɗanyen ganye da barkono a gindin tsamiyar, ta banka wuta. Namijin ya tashi. Macen tana kan ƙwai, ta ƙi motsi, hayaƙi ya yi ta dukanta har ta faɗo kamar tsumma. Namijin ya kwana bakwai yana kira, daga nan shiru. Matar ta ce alhamdulillahi, yanzu za ta samu barci. Ta samu kuwa, ɓeraye da gafiyoyi ma suka samu sakewa. Da ruwan shuka ya sauka, kowa ya ɗauki sungumi, ita ma ta hau rumbu ɗebo iri. Ta zura hannu har kafaɗa, ba ta damƙo komai ba sai ƙaiƙayi da kashin ɓera. Ta je roƙon ko mudu ɗaya wajen maƙwabciyar nan, aka ce mata nasu ma da ƙyar zai kai. Shekarar nan ciyawa ce ta cinye gonarta, ita kuwa, baiwar Allah, ta ƙare da surfe a gidajen mutane.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin gyaran gira akan rasa ido.