Hular Jarrabawa

Tun da aka kawo hular jarrabawa, masu kitso suka koma aski, domin hular ba ta jin tunanin yaro sai an aske kansa tal. Amsar da ta fara faɗo masa a rai ita take ɗauka, babu gyara. Wanda ya faɗi lissafi kuwa, shi da aji har abada.

Ana gobe jarrabawa Saude ta kai 'yarta Bara'atu wurin Iya Tabawa mai kitso. Tana tsaye tana kallon gashin yarinyar yana zuba a tabarma.

"Bakwai sau takwas?" in ji Iya Tabawa, don ta gwada ta.

"Hamsin da huɗu... a'a, da shida."

Askar ta tsaya cak. Saude ce ta koya wa yarinyar lissafi da ƙwallayen dabino, kullum tana ja mata kunne kada ta yarda da amsar farko sai ta sake dubawa.

A hanyar gida Bara'atu ta ce, "Umma, ai na samu daidai."

"Kin samu, 'yar nan."

"To ki koya min yadda ake daina tunani kafin gobe."