Guguwa Mai Lamba Tara

"Tattara kayanka, Malam Lado!" Alhaji Ja'afar, mai ƙungiyar ƙwallon, ya daka wa kocinsa tsawa a bakin fili. 'Yan Kurfi sun zo har Dutsin-Ma sun zura musu uku, ga magoya bayansu kan babura suna ta yi musu ihu.

Alhaji ya ƙare wa kocin kallo. Ga ɗingishi, ga furfura, ga takalmi duk faci. Wai wannan ne ya taɓa cin abinci da ƙwallo!

"Kai ko ƙwallon tsumma ban yarda ka buga ba. Ka san Guguwa mai lamba tara? Muna samari, in ya ɗauki ƙwallo, rungume rediyo muke yi. Wannan shi ne ɗan ƙwallo! Gobe zan aika a nemo mini shi duk inda yake."

Lado ya cire usur daga wuyansa, ya miƙa masa.

"Kada ka wahalar da ɗan aike, Alhaji. Tun da aka karya mini ƙafar nan ba a sake kirana da sunan ba. Shekara biyu yana yi maka aiki. Yanzu ka kore shi."