Zoɓon Dodo

Wata Juma'a bayan la'asar aka kawo wuta a unguwarmu a Jega, muka cika zauren maƙwabcinmu direba, don shi kaɗai ke da talabijin mai kala. Wani tsohon fim na ban tsoro da aka sake yin sa ake nunawa. Babana, mahauci, ya ga na farkon a silima a Sakkwato tun yana saurayi.

Manya sai gardama suke yi. Direban ya ce sabon ya fi, ga kala ga kiɗa. Wani tela ya rantse tsohon ne fim, don har fita fitsari ya hana shi. Ni kuwa da dodon ya cafke wata mata, jini ya wanke ko'ina, sai na ƙwalla ihu na cusa kaina cikin rigar Baba. Har yau ina jin ƙaurin kitse da hayaƙin rigar nan.

Bai ce mu tafi gida ba. Ya ɗago haɓata.

"Ɗiyata, duba da kyau. Kullum kina kawo min abinci mahauta, kin san jini. Duhu shika yi, shi daskare. Wanga fa?"

Na leƙa ta tsakanin yatsuna. Jawur yake, yana gudu kamar ruwa.

"Zoɓo na," in ji Baba. "Ko sukari ba su sa ba."

Zauren ya kwashe da dariya, har da ni, hawaye shaɓe-shaɓe.

Baba ya tsufa, ya ajiye wuƙa. Amma duk abin da ya taso mini, sai na dube shi da kyau tukuna. Sau da yawa zoɓo ne.