Amsar da Ya Rubuta

Babu suna a takardun binciken da ma'aikata suka cike mata, amma ta gane rubutun saurayinta a cikinsu. Tambayar ita ce: idan mace na buƙatar tiyata, shawarar wa za a bi? Ya rubuta: ta mijinta.

Ya shigo ofishinta baki har kunne, wai gobe kawunsa zai je nema masa aurenta. Ta tura masa takardar, kanta a sunkuye.

"Haba, 'yar boko!" Ya yi dariya. "Ke ai ba zan hana ki izini ba."

Ta ɗago ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa iyawa ba.

"Malam," ta ce a hankali, "ka ce wa Kawu ya yi zamansa."