Gwiwa ta Biyu

Ko hular coci ba ta cire ba, ta banke ƙofar filin ƙwallon kwando da sandarta.

"Kai ne manajan? Jikana na kwance, gwiwa a tsage, har kun sa likita ya ce tasa ta ƙare?"

"Mama, dokar ƙayyade albashi ce. Sai an tabbatar ba zai dawo bana ba, sannan mu ɗauki wani da rabin albashinsa."

"Nuna min marar kunyar da ya karɓi gurbinsa."

Wani dogo ya taso, ya gaishe ta. Idonta ya sauka kan gwiwarsa: tsohon ɗinki, daidai inda aka yi wa jikanta aiki.

Ta juyo kan manajan.

"Idan ta wannan ma ta tsage, na ukun fa, ina kuka ajiye shi?"