Mai Tayar da Kwantaccen Ciki

A wani gari an yi wani mai magani da ke bugun ƙirji cewa tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa duban sawun mace ya kasa faɗin abin da ke cikinta ba. Toka yake tankaɗewa a faifai, mace ta taka da ƙafar hagu, ya sunkuya ya duba, shi ke nan an gama. Ya ce shi ya tayar da cikin da ya shekara bakwai a kwance, yaron ya faɗo da haƙoransa cif, har ya yi wa ungozoma sannu da aiki. Ya ce akuyar maƙwabcinsa ma shi ya yi mata albishir tun bunsuru bai san abin da ya aikata ba. Kana dariya ko? To, mutanen garin ba dariya suka yi ba, layi suka bi.

Cikin masu bin layin har da wata mai kitso da ta daɗe da aure ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Wani wata sai al'adarta ta ƙi zuwa. Ta sayo tsinken awon ciki a kemis, ta tsoma a fitsarin safe, layi ɗaya ya fito, alamar babu. Ta ce ko ta yi gaggawa ne. Wata ya sake kamawa, ta sake tsomawa, layin nan dai shi kaɗai kamar maraya. A ƙaramin asibitin garin ma aka auna aka ce babu, amma jini ba ya tsayawa haka kawai, ta je birni a ɗauki hoton mararta. Sai dai wanda ya daɗe yana jiran baƙo, ko iska ce ta taɓa ƙyaure sai ya ce maraba. Zuciya ta ƙi kwanciya. In babu, ina jinin ya tafi? In kuma akwai fa, ga ta tana daka, tana ɗaukar jarkar ruwa, tana shan maganin zazzaɓi? Mai toka ya duba sawunta ya gyaɗa kai. Ciki kam akwai, in ji shi, namiji ne ma, kwanciya ya yi can bayan mara inda tsinken 'yan boko ba ya kaiwa. Kuma kul ta bari aka haska ta da na'ura, don hasken nan narkar da kwantaccen ciki yake yi kamar man shanu a rana. Ka ji mugu! Taga ɗaya tak da za a leƙa a gano shi, ita ya fara toshewa.

Ta shiga shan jiƙo. Damina ta wuce, wata daminar ta zo. Mara ta ɗan tasa, masu zuwa kitso suna ta yi mata Allah ya raba lafiya. Ta ɗinka 'yan riguna ta ɓoye a ƙasan akwati, hanjinta in ya yi ƙugi sai ta dafa ta ce ga shi ya juya. Alhali abin da ke girma ba ɗa ba ne, ƙari ne, yana cin ta a tsaye. Wuya ya rame, tafin hannu ya yi fari fat, kan da take gamawa kafin azahar ya koma kai ta magariba. Duk ranar da ta koka, sai ya ce yaron ne ke zuƙa, alamar ƙato ke nan. Shi kuwa gogan naka har ya ajiye tumbi, kai ka ce nasa cikin ne ya tashi.

Ana haka sai yayarta da ke aure a birni ta zo ganin gida. Da ganin ƙanwar ta saki salati. Ta yi faɗa, ta yi lallashi a je birni a ɗauki hoton, mai kitso ta rungume mara da hannu biyu ta ce ba wanda zai narkar mata da ɗa. Yayar ta ce to, ƙanwar ta raka ta wurin mai maganin, ita ma a duba ta. Suka tarar da zaure cike da mata. Da layi ya zo kanta, yayar ta ce ita ma ta daɗe rabonta da al'ada, awo kuma ya ce babu. Mai kitso ta buɗe baki za ta yi magana, yayar ta mintsine ta a cinya, ta taka toka.

"Allahu akbar!" in ji mai magani. "Hajiya, biyu ne. Mace da namiji, sun rungume juna suna ta barci."

"A ina suke kwance, Malam?"

"A mahaifa mana, ina kuwa?"

"Wace mahaifar? Wadda likita ya cire mini shekarun baya, ya nuna wa wannan ƙanwar tawa a cikin kwano? Ko a hanta suka kama haya?"

Ta juya masa baya, ta sassauta zani, ta nuna wa matan tabon ɗinkin daga cibiya zuwa ƙasa. Malam ya fara kame-kame wai tokar ce ta sha danshi. Mai kitso ta dube shi, ta dubi faifan, a hankali ta sauke hannuwanta daga mara. Ta ce, "Yaya, motar birni ta tashi kuwa?"

Hausawa dai sun riga sun gama magana: ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.