Amshin Waƙar Ɗansa

Da kayan aikin sito a jikinsa ya shiga wani ƙaramin gidan rawa a unguwar Glenwood, don ya ce wa ɗansa ya dawo gida. Rabonsu da juna tun ranar da ya kore shi saboda kaɗa jita.

Ƙarar kiɗan metal, kiɗan Turawa mai ruri da hargowa, ta daki ƙirjinsa. Samarin Turawa masu dogon gashi suna ta bangazar juna. Ga yaron a kan dandamali, ya rame, yana ihu cikin makirufo, yaron da bai taɓa amsa masa magana da Hausa ba.

Sai uban ya kasa kunne. Hausa ce tsantsa, ɗakin gaba ɗaya yana amsawa cikin murna, ba wanda ya san ma'anarta sai shi:

“Fita min daga gida! Ba ni da ɗa!”